Yadda Ake Karanta Sinadaran Rai, Daga Ɗigon Ruwa Zuwa Tantanin Ƙwayar Halitta

Ɗalibin da ya buɗe babin sinadaran rai a karon farko, zane-zane ne ke fara tarbarsa: haruffan C da H da O a jejjere, layuka sun haɗa su, wasu kamar zobe, wasu da doguwar jela. Sai ya kama hanyar da ya saba, wato hadda. Ya haddace sunaye, ranar jarrabawa ya juye su, bayan mako biyu komai ya bi iska. Wannan wahala tana ba ni tausayi, domin akwai tambaya guda ɗaya wadda in mutum ya iya yi wa kowane zane, babin da kansa zai buɗe masa: shin wannan sashe ruwa yana karɓarsa, ko kuwa yana ware shi? Narkewar sukari, naɗewar furotin, da tsayuwar tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta (ɗan ƙaramin ɗakin da jikin mai rai ya ginu da irinsa) ba tare da an ɗinka shi ba, duk daga amsar wannan tambaya suka fito.

Ka tanadi takarda, da alƙalami shuɗi da ja, da kofin gilashi, da ruwa, da ɗan mai, da sabulun ruwa. Kalmomi biyu kuma za su yi ta dawowa. Zarra ita ce ƙwaya mafi ƙanƙanta ta wani sinadari, kamar kabon ko oksijin. Molekul shi ne zarra biyu ko fiye da suka ɗauru wuri guda, kamar ruwa.

Mataki na farko: ƙirga hannuwa

Sinadarai huɗu ne suka ɗauki kusan kashi 96 cikin ɗari na nauyin jikin mutum: oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin. Ka ƙara fosforas da salfa, ka sami shidan da kusan duk zanen da za ka gani ya ƙunsa.

Kowace zarra tana da adadin ɗaurin da take iya yi. Ka ɗauke su kamar hannuwa: haidirojin hannu ɗaya, oksijin biyu, naitirojin uku, kabon huɗu. Kowane layi a zane musabaha ce tsakanin zarra biyu, inda suka yi tarayya a kan elektiron guda biyu (ƙananan ƙwayoyi masu cajin nagatif da ke kewaya zarra), shi ya sa za mu kira shi ɗaurin tarayya. Layi biyu a jere yana nufin sun riƙe juna da hannu bibiyu. Ka zana kabon uku a jere, ka cike ragowar hannuwansu da haidirojin, ka ƙirga. In ka sami haidirojin takwas, ka yi daidai. A yawancin littattafai ba a rubuta C da H a dogayen sarƙoƙi, sai dai layi mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto. Kowace kusurwa kabon ce, kuma duk hannun da ba a nuna ba haidirojin ne ke riƙe da shi.

Hannuwa huɗun nan su ne suka mai da kabon ƙashin bayan rai, don yana iya yin sarƙa, ya yi reshe, ya yi zobe. A da an ɗauka sai jikin mai rai ne kawai ke iya haɗa irin waɗannan sinadarai, har zuwa 1828 lokacin da Friedrich Wöhler na Jamus ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, a ɗakin gwaji. Dokar da ke aiki a kwalbar gwaji ita ce dai ke aiki a cikin jini.

Mataki na biyu: gane wanda ya fi ƙarfin ja

A nan ya kamata ka zauna sosai, domin sauran matakan duk a kansa suka jingina.

Tarayyar elektiron ba kullum take zama raba-daidai ba. Wata zarra ta fi wata ƙarfin jan elektiron zuwa gefenta. Linus Pauling ya tsara ma'aunin wannan ƙarfi a 1932, kuma alƙaluma huɗu kacal kake buƙata daga ciki: oksijin 3.44, naitirojin 3.04, kabon 2.55, haidirojin 2.20. Dubi tazarar da ke tsakaninsu. Kabon da haidirojin kusan kunnen doki suke, don haka ɗaurin C–H ba shi da gefen da ya rinjaya. Oksijin da haidirojin kuwa tazararsu babba ce. Oksijin yana janye elektiron, sai gefensa ya ɗan ɗauki cajin nagatif, gefen haidirojin ya ɗan ɗauki fositif.

Yanzu zana ruwa, H2O. Kada ka miƙe shi kamar sanda. A lanƙwashe yake, kusurwar da ke tsakanin haidirojin biyun digiri 104.5 ce. Saboda wannan lanƙwasa, molekul ɗin ruwa yana da kai mai nagatif da ƙafafu masu fositif, kamar ƙaramin maganaɗisu. Haidirojin na wannan molekul yana jawuwa zuwa oksijin na maƙwabcinsa, kuma wannan jawuwa ce ake kira ɗaurin haidirojin. Ba shi da ƙarfi: raba shi yana cin makamashi kimanin kilojul 20 a kowane mol (ma'aunin yawan molekul), alhali ɗaurin tarayya na O–H yana cin kusan 460. Yana ƙulluwa yana warwarewa cikin ƙiftawar ido. Amma kowane molekul na ruwa yana iya yin har guda huɗu, kuma ruwa ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin ƙwayar halitta. Tsintsiya ce, sili ɗaya ba ya shara, ɗaurinta kuwa yana yi.

Ga dokar alƙalumanka. Duk inda ka ga O–H, ko N–H, ko C=O, ko alamar caji ta + ko −, ko rukunin fosfet (fosforas da oksijin suka kewaye), ka zagaye shi da shuɗi: wannan mai son ruwa ne. Duk inda ka ga kabon da haidirojin zalla, ka ja masa layi ja: wannan mai gudun ruwa ne. Ka gwada da gulukos, C6H12O6. Za ka sami O–H har guda biyar a jikin ɗan ƙaramin zobe, shuɗi ko'ina, shi ya sa yake narkewa nan take. Sannan ka zana sarƙar kabon goma sha shida ba oksijin ko ɗaya. Ja ce daga farko har ƙarshe.

Ka zuba ruwa a kofin, ka ɗiga mai, ka motsa da ƙarfi, ka ajiye. Man zai farfashe ya zama ƙananan ɗigo, sannan a gaban idonka ɗigon su riƙa haɗuwa har su koma wuri guda. Mutane kan ce mai da ruwa ba sa shan inuwa ɗaya, kamar akwai gaba a tsakaninsu. Abin da ke faruwa ya ɗan bambanta. Ruwa ne ya fi son ɗan'uwansa. Duk molekul na ruwa da ya tsinci kansa a gefen ɗigon mai ba ya iya ƙulla ɗaurin haidirojin da man, dole ya takure ya jera kansa ta wata fuska don kada ya rasa ɗaurinsa da sauran ruwa. In ɗigon mai ɗari suka haɗe suka zama ɗaya, fuskar da ke taɓa ruwa ta ragu, molekul ɗin ruwa masu yawa sun sami sakewa. Wato ruwa ne ke tattara masu gudunsa ya cusa su wuri ɗaya. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne zai naɗe furotin, shi ne kuma zai gina tantani.

Mataki na uku: koyi ɗinki guda ɗaya

Manyan molekul na rai sarƙoƙi ne da aka haɗa daga ƙananan tubala, kuma salon haɗin kusan iri ɗaya ne. Tubali ɗaya ya ba da O–H, ɗayan ya ba da H, waɗannan su haɗu su fita a matsayin ruwa, tubalan biyu su ɗauru a gurbin. In ana so a raba, sai a mayar da ruwan. Narkar da abinci a hanji wannan mayarwar ce, inzam-inzam, wato furotin masu saurinta aikin sinadarai a jiki, su ne ke hanzarta ta.

A dangin kabohaidiret, tubalin sukari ne irin gulukos. Jera gulukos da yawa, ka sami sitaci a tsirrai, ko gilaikojin a hanta da tsokar dabbobi, ko selulos a bangon ƙwayoyin tsirrai. Abin mamaki, sitaci da selulos duk gulukos ne zalla. Bambancinsu yana ga fuskar da ɗaurin ya kalla. A sitaci ɗaurin nau'in alfa ne, sarƙar tana murɗewa, inzam ɗinmu yana iya yanka ta. A selulos nau'in beta ne, kowane gulukos yana kife a kan na gabansa, sarƙar ta miƙe sambal, ta manne da maƙwabtanta da ɗaurin haidirojin har su zama zare mai ƙarfi. Auduga da itace ke nan. Jikin mutum ba shi da inzam ɗin da ke yanka wannan ɗauri.

DNA da RNA, sarƙoƙin da ke ɗauke da bayanan gado, ba za mu daɗe a kansu ba. Tubalinsu yana da sassa uku: sukari mai kabon biyar, fosfet, da wani zobe mai naitirojin wanda shi ne harafin. Ka shafa kalolinka a tsarin da Watson da Crick suka bayyana a 1953, bisa hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka, za ka ga fosfet mai caji yana waje yana fuskantar ruwa, haruffan kuma suna ɓoye a ciki. Harafin A yana riƙe T da ɗaurin haidirojin biyu, G yana riƙe C da uku. Raunin wannan ɗauri shi ne amfaninsa, domin ana iya buɗe igiyoyin biyu a kwafe su ba tare da sarƙar ta tsinke ba. ATP, wanda ƙwayar halitta ke kashewa kamar kuɗi wajen kowane aiki, shi ma ɗan wannan gida ne, sai dai fosfet uku yake ɗauke da su.

Mataki na huɗu: naɗe furotin da hannunka

Tubalin furotin shi ne amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke amfani da su. Zana kabon a tsakiya. Hannu ɗaya ya riƙe rukunin naitirojin, NH2, na biyu ya riƙe rukunin asid, COOH, na uku haidirojin. Hannu na huɗu shi ne inda suka bambanta, ana sa masa harafin R. Kada ka ɓata lokaci wajen haddace ashirin ɗin a yanzu. Ka samo jadawalinsu, ka bi R ɗin kowanne da alƙalumanka. Za ka ga sun rabu da kansu: wasu ja ne zalla kamar balin da lusin, wasu shuɗi marasa cikakken caji kamar serin, wasu kuma masu cikakken caji kamar gulutamet da laisin.

Yanzu yanki siririyar takarda doguwa, ka ɗiga mata ɗigo ashirin, wasu ja wasu shuɗi, a cakuɗe. Ka ɗauka an jefa ta cikin ruwa. Ka lanƙwasa ta yadda jajayen za su taru a tsakiya, shuɗayen su kalli waje. Abin da ka yi da yatsu shi ne abin da ruwa ke yi wa sarƙar furotin. A hanya, ƙashin sarƙar yana yin murɗe-murɗe da shimfiɗe-shimfiɗe waɗanda ɗaurin haidirojin ke riƙewa, amma babban abin da ke tura naɗin shi ne ɓoye masu gudun ruwa. Christian Anfinsen ya nuna cewa in aka warware wani inzam mai suna ribonukiliyes da sinadari, sannan aka janye sinadarin, yana komawa siffarsa da kansa ya ci gaba da aiki. Ma'ana, jerin amino asid ɗin ya riga ya ƙunshi umarnin naɗin. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1972.

Siffa ita ce aikin furotin. Zafi mai yawa ko asid mai ƙarfi yana warware raunanan ɗaurin, siffa ta lalace, aiki ya tsaya, ko da sarƙar ba ta tsinke ba.

Ba na jin akwai misalin da ya kai na cutar sikila wajen nuna nauyin wannan magana. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar oksijin a jini, sarƙoƙi huɗu ne, biyu masu amino asid 141, biyu masu 146 da ake kira beta. A sikila, amino asid na shida a sarƙar beta ne kawai ya canja, kamar yadda aikin Vernon Ingram ya nuna a tsakanin 1956 da 1957: gulutamet ya koma balin. Ɗauki alƙalumanka. Gulutamet shuɗi ne, balin ja ne, kuma gurbin yana waje inda ruwa yake. An sami ɗigon mai a bayan furotin ke nan. Idan oksijin ya yi ƙasa, wannan balin yana neman mafaka, sai ya shige wani ɗan lungu mai gudun ruwa a jikin himogulobin na kusa, shi ma wancan ya shige na gaba, har su zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Duk azabar da mai wannan cuta ke sha, tushenta ɗigo ɗaya ne da ya tashi daga shuɗi ya koma ja.

Mataki na biyar: nemo molekul mai fuska biyu

Dangin mai, wato lifid, ba sarƙar tubala ba ne kamar sauran. Abin da ya haɗa su gida ɗaya shi ne gudun ruwa. Asid ɗin mai doguwar jela ce ta kabon da haidirojin, da ɗan kai na COOH. In uku suka ɗauru a jikin gilisarol, wani ƙaramin molekul mai kabon uku, an sami kitsen da jiki ke ajiyewa, wanda kowane giram nasa ke ba da kilokalori 9, alhali kabohaidiret da furotin 4 suke bayarwa.

Ka lura da siffar jelar. In duk ɗaurin da ke tsakanin kabon guda-guda ne, jelar a miƙe take, irinsu suna jeruwa su matsu kamar ashana a kwali. In akwai ɗauri biyu a tsakiya, jelar tana yin gwiwa, ba sa iya matsuwa. Asid ɗin sitiyarik da na oleyik duk kabon 18 gare su. Na farko miƙaƙƙe ne, sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa. Na biyu yana da gwiwa ɗaya tak, yana narkewa a wajen digiri 13. Shi ya sa kitsen dabba ke daskarewa, man tsirrai kuma yake zama ruwa-ruwa.

Yanzu cire jela ɗaya daga cikin ukun, ka sa fosfet mai caji a gurbinta. Shafa kala: kai shuɗi, jela biyu ja. Wannan shi ne fosfolifid, rabinsa na son ruwa rabinsa na gudu. Sabulu ma haka yake, sai dai jelarsa ɗaya ce. Ɗiga shi a kofin nan naka ka sake motsawa. Ruwan zai yi fari-fari, man kuma ba zai yi saurin komawa sama ba, domin jelar sabulu ta nutse cikin kowane ɗigon mai, kansa ya tsaya a waje yana hulɗa da ruwa.

Mataki na shida: gina tantanin

Zana fosfolifid ashirin, ka ba kanka sharaɗi: ruwa yana sama, ruwa yana ƙasa, kuma kada jela ko ɗaya ta taɓa shi. Sabulu mai jela ɗaya siffarsa kamar tsinke mai kauri a kai, don haka yana iya dunƙulewa ya zama ƙwallo. Fosfolifid mai jela biyu kaurinsa ɗaya sama da ƙasa, ba ya dunƙuluwa haka. Mafita ɗaya ce za ka samu: sahu biyu, jela na fuskantar jela, kawuna na kallon ruwa ta kowane gefe. Saura bakin shimfiɗar, inda jela ke a fili. Hanyar rufe shi ita ce shimfiɗar ta lanƙwaso ta haɗe da kanta ta zama jaka. Ka ga an sami ciki da waje, kuma ba a yi rai sai da ciki da waje. Babu ɗaurin tarayya tsakanin fosfolifid da maƙwabcinsa. Ruwa ne ke riƙe da ginin duka, shi ya sa in aka huda tantani da siririyar allura yake rufe kansa. Shi ya sa kuma sabulu ke wargaza ƙwayoyin cutar bairos masu rigar mai, jelarsa tana kutsawa tsakanin sahun ta tarwatsa shi.

Kaurin wannan sahu biyu kimanin nanomita 5 ne (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Sai ka jera kusan 20,000 kafin su kai kaurin takardar da kake zane a kai. To yaya aka san sahu biyu ne tun ba a iya ganinsa? A 1925, Gorter da Grendel a ƙasar Holan suka ɗauki jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da wani tantani a cikinsu sai na waje, suka tsame mansu, suka shimfiɗa shi a kan ruwa sahu ɗaya, suka auna faɗinsa. Ya fito kusan ninki biyu na faɗin fuskar ƙwayoyin. Daga baya an gano cewa ba su tsame man duka ba, kuma sun rage wa ƙwayoyin faɗi a lissafi, kuskuren biyu suka cinye juna. Duk da haka amsar tasu ta tabbata.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar tantani kamar bango. Ruwa-ruwa yake, kamar mai. Kowane fosfolifid yana musayar gurbi da maƙwabtansa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Abin da ke yi masa wuya shi ne tsallakawa daga sahun waje zuwa na ciki, tunda sai kansa shuɗi ya ratsa jan tsakiya, don haka sahun biyu suna iya bambanta da juna. A 1970, Frye da Edidin a Amurka suka haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum suka zama ɗaya, suka yi wa furotin ɗin kowacce alama da kala daban. Da farko kowace kala tana rabinta. Cikin kimanin minti 40 sun gauraye, da aka sanyaya ƙwayoyin kuma gaurayar ta ja baya. A 1972 Singer da Nicolson suka tattara irin waɗannan hujjoji suka ba da hoton da ake koyarwa har yau: tekun mai mai sahu biyu, furotin suna yawo a cikinsa.

Ƙwayar halitta tana daidaita wannan laushi. Jela masu gwiwa suna ƙara shi, miƙaƙƙu suna rage shi. A dabbobi, kolestarol yana cusa kansa tsakanin jelar: in da zafi ya hana su yawan motsi, in da sanyi ya hana su matsuwa su daskare.

Ƙara furotin a zanenka. Wanda zai ratsa tantani dole tsakiyarsa ta zama ja, bakinsa biyu shuɗi. Murɗaɗɗen sashe mai amino asid kimanin 20 masu gudun ruwa ya isa ya ratsa, har masana kan duba jerin furotin, in suka ga irin wannan jan zango su yi hasashen a tantani yake zaune. A tantanin waje, furotin ya kai kusan rabin nauyi. Daga ƙarshe ka zana 'yan rassan sukari a fuskar waje kawai. Su ne shaidar da ƙwayoyi ke gane juna da ita, kuma bambancin rukunin jini na A da B da O bambancin irin waɗannan sukari ne.

Mataki na bakwai: yi hasashen wa zai wuce

Duk abin da zai shiga ƙwaya sai ya ratsa jan tsakiyar nan ko a buɗe masa ƙofa. Tun a shekarun 1890 Ernest Overton ya lura cewa gwargwadon yadda abu ke narkewa a mai, gwargwadon saurin shigarsa ƙwaya. Ka yi wa kowane abu tambaya biyu: wace kala ce, kuma yaya girmansa?

Oksijin da iskar kabon dayoksaid ƙanana ne marasa gefen caji, suna wucewa kai tsaye daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Homon, wato sinadaran saƙo na jiki, irin su testosteron, da aka ƙera daga kolestarol, ja ne kusan duka, su ma suna wucewa. Ruwa shuɗi ne amma ƙarami, yana silalewa a hankali. Inda ake son sauri, kamar ƙoda, akwai ƙofofinsa na musamman, akwaforin, waɗanda Peter Agre ya tabbatar da aikinsu a 1992. Gulukos shuɗi ne kuma babba, sai da furotin mai ɗauka wanda ke karɓarsa a gefe ɗaya, ya sauya siffa, ya sake shi a ɗaya gefen.

Masu cikakken caji, irin su sodiyom da fotasiyom, su ne tantani ya fi tarewa duk da ƙanƙantarsu, domin kowanne yana sanye da rigar molekul ɗin ruwa da ba ya son tuɓewa. Ƙofar fotasiyom, wadda Roderick MacKinnon ya bayyana tsarinta a 1998, abar kallo ce. Tana barin fotasiyom ya wuce ta hana sodiyom, alhali sodiyom ne ƙarami. A maƙogwaron ƙofar akwai zarrar oksijin a jere, tazararsu daidai da jikin fotasiyom, don haka yana tuɓe rigar ruwansa su maye masa gurbinta. Sodiyom ya yi ƙanƙanta da ya taɓa su duka, tuɓewar ba ta biya shi, sai ya tsaya a waje da rigarsa.

Duk wannan gangara ce, ba a biyan komai. Hawa kuwa sai da ATP. Famfon sodiyom da fotasiyom, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, yana fitar da sodiyom 3 ya shigo da fotasiyom 2 a kan kowane ATP ɗaya. Sakamakon haka sodiyom yana kusan milimol 145 a kowace lita a waje, a ciki kuwa bai wuce 15 ba, fotasiyom kuma kusan 140 a ciki, 5 a waje. Wannan bambanci, tare da ɗigar fotasiyom zuwa waje ta ƙofofinsa, shi ke sa cikin ƙwayar jijiya ya zauna a kusan milibolt 70 ƙasa da waje, kuma da shi jijiya ke aika saƙo.

Ruwa kuma yana bin inda narkakkun abubuwa suka fi yawa, wannan shi ne osmosis. Jar ƙwayar jini in aka sa ta a ruwa zalla tana kumbura ta fashe, in aka sa ta a ruwan gishiri mai kauri ta yanƙwane. Don haka ruwan gishirin da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya ake haɗa shi a kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da jini.

Ga aikin da za ka gwada kanka da shi. Zana ƙwayar bangon hanji, gefe ɗaya na kallon cikin hanji, ɗaya na kallon jini. A gefen jini sa famfon sodiyom, wanda ke rage sodiyom a cikin ƙwayar. A gefen hanji sa wani furotin mai ɗauka wanda ba ya motsi sai sodiyom 2 da gulukos 1 sun hau tare, haɗin tafiyar sodiyom da gulukos da Robert Crane ya fara bayyanawa a 1960. Bi kibiyoyin: sodiyom yana gangarowa ciki, yana jan gulukos, famfo yana tura sodiyom zuwa jini, ruwa yana bin su ta osmosis. Wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko a lokacin kwalara, kuma a kanta aka gina ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da milimol 75 na sodiyom da 75 na gulukos a kowace lita. Yanzu ka ninka sukarin sau da yawa a zanenka, ka tambayi kanka ina narkakkun abubuwa suka fi yawa. Sun fi yawa a cikin hanji, don haka kibiyar ruwa za ta juya ta fito daga jiki, gudawar ta ƙaru.